Kada a sayo wa jariri barci a kasuwa

Akwai wata ɗabi'a da nake gani a garuruwanmu, ba ta kuwa kwanta mini a rai ba. Yaro ya kwana yana kuka, ya hana uwa runtsawa. Gari na wayewa sai a aika wurin mai tallar magani, a sayo siron mura ko na ƙaiƙayi. A ba yaro cokali guda, ya yi lamo. Uwa ta ce maganin nan yana da kyau. Ni kuwa na ce a dakata.

Da yawa daga cikin waɗannan magunguna aikinsu ɗaya ne. Suna tare hanyar wani sinadari da ke jikinmu, mai suna histamin. Kowa ya san aikinsa, ko bai san sunansa ba. In rina ta harbe ka, wurin ya kumbura, yana zafi, yana ƙaiƙayi, to histamin ne ya fito. Shi ke buɗe ƙananan hanyoyin jini, domin masu tsaron jiki su iso wurin da sauri. Tun shekarar 1910 masana a Ingila suka bayyana aikinsa.

Amma histamin yana da gida a cikin ƙwaƙwalwa ma. A 1984 masu bincike suka gano wani ɗan gungu na ƙwayoyi, can ƙasan ƙwaƙwalwa, da ke yin sa, suna aika shi ko'ina cikinta. Sa'ad da mutum ke farke, ƙwayoyin nan suna ta aiki. In barci ya zo, sai su yi shiru. Ke nan siron da ya kwantar da yaro ba ciwonsa ya warkar ba. Abin da ke riƙe shi a farke ne aka danne.

Ƙwaƙwalwar jariri kuwa gini ce da ba a gama ba. An duba ƴan tayin ɓeraye, an tarar histamin yana yawaita a ƙwaƙwalwarsu daidai lokacin da sababbin ƙwayoyi ke fitowa. Yana taimakonsu su yawaita, su kama aikinsu. Na yarda ɓera ba mutum ba ne. To amma a 2010, a Amurka, an bincika wani uba da ƴaƴansa 8 masu fizgar fuska da jiki, wadda ba su iya hanawa. Sai aka ga jikinsu ba ya yin histamin yadda ya kamata.

Haka kuma ƙwaƙwalwa tana da nata masu tsaro. Histamin na iya zuga su har kumburi ya wuce kima ya yi ɓarna, wani lokaci kuma shi ne ke kwantar da su. Abu mai fuska biyu irin wannan, ina mai tebur a bakin tasha zai san awonsa?

Akwai ma hatsarin da ya fi wannan kusa. Maganin da ake kira Phénergan na iya rage numfashin jariri har ya tsaya. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi kada a ba yaron da bai cika shekara 2 ba. Ga mu kuma a ƙasar sanƙarau da masassarar cizon sauro, cututtukan da ke kama kai. Yawan barci na cikin alamunsu. In an riga an ɗirka wa yaro siro, wa zai bambanta barcin magani da barcin cuta?

Ban ce maganin ba shi da amfani ba. A hannun likita yana kwantar da borin jini da ƙaiƙayi. Ban kuma raina gajiyar uwa ba, wadda ga daka, ga rijiya, ga goyo. Maigida da kishiya da kaka su karɓe ta, ta samu ta rintsa.

In yaro yana masassara, ba ya tashi ya sha nono, ko wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta kumbura, a kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne. In an riga an ba shi wani abu, a tafi da kwalbar, a kuma faɗi lokacin da ya sha.