Zambo a Ajin Turanci

Malamin Turanci a sakandaren Anka, Gummi ko Bukkuyum bai kamata ya tsallake darasin zambon siyasa ba. Ɗalibansa sun san 'yan kama, masu juya waƙar wani ta koma ta tuwo da miya, sun kuma ji yadda Musa Ɗanƙwairo na Bakura ke yi wa abokan hamayyar ubangidansa habaici. Daga nan sai a shiga littafin Animal Farm na George Orwell (1945), wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara da sunan Gandun Dabbobi. Masu tsoron yara za su raina manya sun manta a gaban sarakuna makaɗan fada suke zambo, fadawa na dariya. Yaron da ya gane dabarar aladun da ke cikin littafin Orwell, waƙar kamfe ba za ta ruɗe shi da sauƙi ba ranar zaɓe.