Tamale Na da Filin Kallo, Ina Filin Wasa?

Duk wanda ya zauna a Tamale ya san yadda shekara take rabuwa. Daga Disamba hunturu kan lulluɓe gari da ƙura. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi kan kai maki 40, har takalmi ya manne wa kwalta. Da damina ta kankama kuwa, fili kan zama taɓo. Saboda haka filin da ba shi da rufi ko inuwa, sa'o'i kaɗan ne yake amfanar yaro a yini. Wannan ne ya sa nake ganin babbar buƙatar birnin nan a fannin wasanni ita ce ƙananan rumfunan wasa a cikin unguwanni, tare da shirin da zai raya su.

Ba na raina abin da muke da shi. An gina babban filin wasa na Tamale domin gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka ta 2008, yana ɗaukar mutum wajen 20,000, kuma a 2017 aka sa masa sunan marigayi Alhaji Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa. Sai dai wuri ne na kallo: mutum 22 ke gudu, dubbai na zaune. Jubilee Park kuma ya fi dacewa da faretin 6 ga Maris da manyan taruka. Garin da ƙungiyarsa ta Real Tamale United ta fito da Abedi Pele, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau uku, ya san cewa gwani a ƙasa yake samuwa, tun yana ƙarami, kusa da gida.

Bahaushe yana da kalmar da ta tattara abin da muka rasa: dandali. Shi ne sararin da ke tsakiyar unguwa, inda 'yan mata ke gaɗa, samari ke langa da kokawa, dattawa kuma na gefe suna dara, idonsu na kan kowa. Babu wanda ya taɓa kashe kuɗi a kansa, an dai bar shi ne ba a gina ba. Yau birni ya haɗiye shi. Tamale ta faɗaɗa har aka yanke Sagnarigu daga cikinta a 2012, amma duk da haka ƙidayar 2021 ta samu fiye da mutum 370,000 a abin da ya rage. Kowane sarari ya zama fuloti ko shago. Ka bi ta Zongo, Aboabo ko Sakasaka da la'asar, za ka tarar da yara sun kafa duwatsu a titi suna ƙwallo, babura da keke mai ƙafa uku na ratsa su. Yarinya ce kan fara barin wasa, domin iyaye ba za su sake ta a titi ba. Saurayi kuwa yakan sami wata majalisar, kuma kukan da ake yi da tiramadol a garin nan ya isa shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai karatu zai iya cewa: garin da mata ke yawo da jarka neman ruwa a rani, ina shi ina zancen wasa? Gaskiya ne, ruwa ne kan gaba. Amma ana iya shimfiɗa bututu baɗi, a ƙara wani bayan shekara goma. Filin da aka sayar aka zuba masa siminti ba ya dawowa. Keɓe fili yau bai rage wa aikin ruwa ko sisi ba.

Abin da nake nufi kuma ba irin katafaren ginin Borteyman ba ne, wanda aka yi a Akra domin Wasannin Afirka na watan Maris 2024. Rumfa ce mai dogon rufin kwano wadda iska ke ratsawa, da daɓen siminti, da fitila, da bayan gida, a kewaye ta da darbejiya. A tsara mata lokuta: safiya ta mata da tsofaffi masu motsa jiki, la'asar ta ƙwallon raga da ƙwallon tebur, dare na karatu da tatsuniya. A sa mai kula da ita da albashi, domin ginin da ba shi da mai shi kango ne. Mai zane Ibrahim Mahama ya riga ya gwada mana a Red Clay, wanda ya buɗe a 2020, inda tsofaffin jiragen sama suka zama ajujuwa: in aka buɗe wa yara ƙofa, za su zo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasa a Dagbon tana hannun sarakuna, don haka su ne za su keɓe fili a duk sabon yanka. Majalisar Birnin Tamale ta rubuta shi a taswira, ta hana a taɓa shi. Makarantu su buɗe filayensu bayan an tashi, ɗaliban jami'a kuma su koyar da wasa a lokacin hutu. A fara da unguwa ɗaya, kafin mai awon fuloti ya riga mu zuwa.