Zakara guda ya ishi kaji goma

Maganar yau ta kaji ce, kuma da kai nake, kai da ka fara kiwo bara ko bana. Ke ma uwargida matso kusa, don a garuruwanmu yawancin kajin gida na mata ne da yara.

A ce ka sayo kaji 3 da zakara guda. Allah ya sa albarka, kowace ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Shirwa ta ɗauki nata, ciwo ya ɗauki nashi, ƴan tsaki 12 suka rage maka. To ka sani, cikin 12 ɗin nan wajen rabi maza ne. Haka abin yake ko'ina. Bayan wata 5 sai ka wayi gari da zakaru 7 bisa kaji 9. Cara ta cika gida, kana jin daɗi, kana cewa kiwo ya kama. Ni kuwa a ganina ranar nan ce hasara take farawa.

Ka zauna gindin rumbu da maraice ka dube su da kyau. Kaji suna da sarauta tsakaninsu. Akwai mai fara ci, akwai mai jira, akwai wanda kowa ke sara. In zakara guda ne babba, gida lafiya lau: shi ke kiran mata in ya samu tsaba, shi ke yin kuka in ya hango shaho. Amma samarin zakaru 6 da suka tasa tare, kowane yana son sarautar. Suna faɗa da juna, suna faɗa da ubansu, kuma duk wanda ya samu sarari sai ya auka ma kaza. Kaza guda zakaru 3 ko 4 na binta a jere. Dubi bayanta da ƙeyarta, za ka ga gashi ya tuje, wani lokaci har da jini. Kazar da ake kora yini guda ba ta samun ci, ba ta samun sha. Ta rame, ƙwai ya ragu, ko ta tafi gidan maƙwabci ta yi ƙwanta can. Sagarun da ba su isa ba su ne suka fi shan wuya.

Wasu na cewa yawan zakaru shi ke kawo yawan ƙwai. Ba haka ba ne. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyasuwa. Kuma in zakara ya hau ta sau guda, ƙwayayen da za ta yi cikin kwana 10 masu zuwa suna iya zama masu ɗa. Shi ya sa masanan kiwo suka ce zakara guda lafiyayye ya ishi kaji 10. In sun yi yawa ma sai su hana juna aikin, wannan ya hau, wancan ya ture shi, kai kuma ka tarar da baragurbi cikin akurki.

Yanzu mu yi lissafi, tun da ka koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci. A ce kowane saurayin zakara yana cin tafin hannu guda na hatsinka a yini, wajen garam 50, sauran ya tsinta a bola. Su 6 garam 300 ke nan. Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi ce, cikin kwana 8 sun cinye ta. Cikin wata 3 sun ci kilo 27, kusan tiya 11. Me suka ba ka? Zakaran gida in ya kai wata 6 girmansa ya fara tsayawa. Abin da yake ci bayan nan faɗa da guje-guje ke tafiya da shi, nama kuma yana ƙara tauri. Tiya 11 ɗin nan da sagaru ka ba, ko da iyalinka suka sha fura da ita lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da ya fi.

Don haka shawarata, ka yanke hukunci da wuri. Tun suna da sati 6 zuwa 8 kana iya gane maza: zankonsu ya fi girma, ya fara ja, ƙafafu sun fi kauri. A wata 3 zuwa 4 gashin wuya da na baya yana tsini, bindi yana lanƙwasa. A wata 4 zuwa 5 su fara gwada cara. Kada ka jira carar. Tun a wata na 3 ka san wanda za ka bari da waɗanda za su tafi.

A nan ne mutane da yawa ke cutar kansu. Ranar kasuwa ta zo, ana bukatar kuɗi, sai a kama wanda ya fi duka girma don shi ne zai yi tsada. Sati na gaba a kama mai bi mishi. Daga ƙarshe wa ya rage a gida? Ɗan tsugul ɗin nan da ɗan kaji ya ɗaga ya aje. Shi ne zai zama uban kajinka na baɗi. Shekara 3 a haka, sai ka ji mutum yana cewa irin kajinsa ya lalace, ko an yi masa baki. Kai manomi ne. In kaka ta yi, wace zangarniya kake warewa don iri? Babba, cikakkiya, wadda ba ta da ciwo. Ba ka taɓa kai ta kasuwa ka shibka ƙanƙararriya ba. To zakara ma iri ne. Ka bar wanda ya fi ƴan uwansa saurin girma, mai faɗin ƙirji, mai miƙaƙƙun ƙafafu, mai ido garau, wanda bai taɓa kwantawa ciwo ba. In uwarsa mai yawan ƙwai ce, mai iya riƙon ɗiya, ya ƙara kyau. Launi ya zo daga baya. Wanda kuma ke kai ma yara sara, ko ya fi kowa kyau, tukunya ce tashi, don fuskar yaro mai rarrafe daidai take da bakinsa.

Na san abin da za ka ce. Zakara asusu ne. Baƙo na iya sauka da dare, ana iya haihuwa, yaro na iya kwantawa a nemi kuɗin magani, ga mai neman jan zakara ko fari na sadaka wanda ba ya tayawa. Gaskiya ne, ban ƙi ba. Amma asusu ba ya yawo tsakar gida yana fasa sauran kaya. In kana son ka aje 2 ko 3, ka yi musu nasu wuri da kara ko da zana, cikin inuwa, inda ba su ganin mata. Zakarun da suka tashi tare, in babu kaza kusa, faɗansu kaɗan ne. Ka ba su dusa, da sauran tuwo, da gara, da ruwa mai tsabta, za su yi nama fiye da na sake. Sauran ka sayar. In kuma yara sun saba da wani har sun sa masa suna, ka tuna musu sabo da kaza ba ya hana yanka.

In kajinka mata sun wuce 15, to ka bar zakaru 2, babba da ƙarami. Ƙaramin da ya tashi ƙarƙashin babba ya san matsayinsa. Ka sa musu abinci wuri 2, nesa da juna, don wanda aka kora nan ya ci can.

Yaushe za a sayar? Kaji na tsada lokacin azumi da salla, da ƙarshen shekara wajen masu kai su Yamai da sauran birane. Amma kada jiran tsada ya kai ka cikin dari da garke ba allura. Ka san annobar nan da ke zuwa da iskar dari: kaza ta yi zugum, fukafukai sun zube, zawo kore, wuya ya murɗe, cikin ƴan kwanaki akurki ya koma wayam. Likitocin bisashe na kiranta ciwon Niyukasal. Ba ta da magani in ta kama, riga-kafi kaɗai gare ta. Mai zakaru 6 da ya ƙi sayarwa da kaka yana jiran ƙarin dala goma, shi ne ke binne su da dari. Ka nemi ma'aikacin kiwo na yankinku ya yi ma kajinka riga-kafi kafin sanyi ya shigo, ka tambaye shi kuma ranar da za a sake.

Saura magana guda. Zakaran da ka bari, bayan wata 6 ko 7 zai fara hawan ɗiyansa mata. In abin ya daɗe jini guda na juyawa, ƙyanƙyasa na raguwa, ƴan tsaki na fitowa ba ƙarfi. Bayan shekara guda, in ta daɗe 2, ka yi musanya da wani na wani gari. Kuma ka yi shawara da maƙwabta, don zakara bai san danga ba. A shekarun 1970 da 1980, a ƙasashen Sahel da dama, an raba ma manoma manyan jajayen zakarun Turai don a gyara iri. A wurare da yawa abin bai ɗore ba. Ƙananan zakarun gari na nan ba a kawar da su ba, sun fi baƙon zafin nama, su ke riga shi ga kaji, shi kuwa zafi da ciwo suka gama da shi. Abin da bai yiwu ba sai da haɗin kan gari a wancan lokaci, yau ma haka yake.

In ka kawo sabon zakara, daga kasuwar Tasawa ne ko ta Matamaye ko daga gidan surukinka, kada ka sake shi cikin kajinka ranar nan. Kasuwa ita ce mahaɗar ciwo, don akwai masu gaggawar kai kaza can da sun ga ta fara zugum. Mutanen Magarya ba su manta shekarar 2006 ba, da murar tsuntsaye ta shigo aka kashe kaji masu yawa. Ka ware baƙon sati 2 a wani lungu, da nashi kaskon ruwa, ka duba ƙarƙashin fukafukansa ko akwai ƙuma. In ya cika sati 2 yana ci yana cara, ka fidda tsohon da rana, ka sa sabon cikin akurki da dare bayan kaji sun kwanta.