Kwale-kwale a Kan Kwalta

Wata rana cikin watan Agusta ina tsaye a bakin titi a Aujara, ina jiran motar da za ta kai ni Dutse, sai ga wata ƙaramar mota ta ɓullo tana tafe tana rangaji kamar raƙumin da aka yi wa laftu. A bisa rufinta an kife kwale-kwale na katako wanda ya ɗara motar tsawo, hancinsa ya leƙo ta gaba har ya yi wa direba rumfa, gindinsa kuwa ya zarce ta baya. Bayan wannan kuma ga amalanke an ɗaura mata da igiya tana ja, an shaƙe shi da tamfol da tabarmi da taru da buhunan hatsi da injin ban-ruwa, yara biyu suna zaune a ƙololuwar kayan. Masunta ne suke ƙaura, sun nufi fadama inda za su kafa bukkokinsu su yi watanni. Da motar ta faɗa wani ɗan rami sai amalanken ya karkata hagu, ya komo dama, kwale-kwalen ya gyaɗa kai, mu da muke tsaye muka ɗauki salati. Allah ya kiyaye, suka wuce. Wani dattijo da ke kusa da ni ya bi su da kallo, ya ce, "Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa." Tun daga ran nan maganar ba ta bar zuciyata ba, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata matasa.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan Aujara da jirgin ruwa? Lalle wanda bai san Jigawa ba zai zaci ƙasar tudu ce da jigayi kawai, kamar yadda sunanta ya nuna. Amma fa kogin Haɗejiya ya ratsa jihar nan, ya bi ta ƙasar Ringim da Taura da Miga da Auyo, ya wuce Haɗejiya ya bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sake. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har ya zama inda ake fito bana ba lalle ne a yi fito a can baɗi ba. Masunci ba shi da zaɓi sai ya bi ruwa inda ya koma, kuma sau da yawa hanyar da za ta sada shi da ruwan nan ta kwalta ce. Haka kuma in ambaliya ta zo, kamar yadda muka gani a 2018 da 2020 da 2022, da mota ake kai jiragen ceto ƙauyukan da ruwa ya yanke. Ashe ke nan kwale-kwalen ƙasarmu yana da rayuwa biyu, ɗaya a ruwa ɗaya a titi, garuruwa irin su Aujara da Jahun kuwa su ne ke ganin ta biyun.

Ra'ayina shi ne, a kan titi kwale-kwale maraya ne. In yana bisa ruwa akwai Sarkin Ruwa da 'yan fito da suka gaji sanin sha'aninsa, akwai kuma Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida wadda aka kafa a 1997, mai hedikwata a Lakwaja. Mota kuwa tana da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988. Amma da zarar an ɗora jirgi a kan mota, aka kuma ƙulla mata amalanke, sai al'amarin ya faɗa tsakanin sani biyu. Masunci ya san jirgi bai san mota ba, direba ya san mota bai san jirgi ba, kowa yana zaton ɗayan ya duba.

Bari mu ɗan yi lissafi, tun da makaranta muke. Yawancin ƙananan motoci an ƙera rufinsu ne don ya ɗauki abin da bai wuce kilo 50 zuwa 100 ba. Kwale-kwalen katako da ya sha ruwa ya ƙoshi, wanda sai ƙarti huɗu ko biyar sun taru kafin su ɗaga shi, ya wuce wannan nesa. In kuma aka ɗora shi bakinsa yana kallon sama, aka yi ruwa a hanya, to, an ƙara wa Barno dawaki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ya kai tsawon mita 5 da faɗin rabin mita, in ruwa ya taru a ciki zurfin santimita 10 kacal, ya ɗauki lita 250, watau nauyin buhun taki biyar. Kuma buhun taki yana zaune wuri ɗaya, ruwa kuwa a kowace kwana sai ya kwarara gefe guda, a kowane birki sai ya rugo gaba. Nauyin nan duka yana can sama, inda ya fi saurin kayar da mota. Ga iska kuma, wadda ke shiga ƙarƙashin jirgi tana neman ɗaga shi duk sa'ad da babbar mota ta gifta.

Wannan taura ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce amalanke, kuma a nan ne jahilcinmu ya fi yawa. Abin da masana harkar jan kaya suka tabbatar shi ne, ya kamata kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin amalanke ya sauka a kan ƙugiyar da ta haɗa shi da mota. In amalanke da kayansa kilo 500 ne, sai kimanin kilo 50 ya danna ƙugiya. Ana samun haka ne in aka sa mafi yawan kaya masu nauyi a ƙasa, a ɗan gaba da tayoyi. Mu kuwa yadda kaya suka zo hannu haka ake loda su: tabarmi da tamfol a gaba domin su aka fara fitowa da su, inji da buhunan hatsi a can baya domin su ne na ƙarshe. Sakamakon haka gindin amalanke ya yi nauyi, ya ɗaga bayan mota, tayoyinta na baya su rage kama ƙasa. Da an ɗan taka mai sai amalanke ya fara kaɗa wutsiya, kowace kaɗawa ta fi ta baya ƙarfi. Direban da bai sani ba zai danna birki da ƙarfi, ko ya riƙa murza sitiyari yana bin rawar, alhali abin da ya kamata shi ne ya ɗage ƙafa daga mai, ya riƙe sitiyari sosai a miƙe, ya bar gudun ya mutu a hankali. Yanzu a haɗa wannan rawa ta baya da wancan rinjaye na sama, a tuna kuma amalanken da maƙeranmu ke haɗawa ba shi da birkin kansa, birkin ƙaramar motar ne zai tsai da duka. Motar da ta ninka gudunta daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, nisan da birki zai ci kafin ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu ne, ba sau biyu ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. A Amurka da Ingila akwai masu fita hutu bakin tafki, su ɗora ƙaramin jirgi a rufin mota, su ja ɗakin kwana mai tayoyi a baya. Bambancin shi ne jirginsu na roba ne ko na gorar ruwa, wanda mutum ɗaya ko biyu za su ɗaga, kuma duk da haka sai sun auna nauyi kafin su tashi. A Ingila doka ba ta yarda mota mai jan kaya ta wuce mil 60 a awa a babbar hanya ba, ko mil 50 a hanya mai hannu biyu da ba a raba ba. Su da suke yi don nishaɗi sun kafa wa abin ƙa'ida. Mu da muke yi don neman abinci da ceton rai mun bar shi a hannun sa'a.

Akwai kuma wata ɓarna wadda ita ce ta fi damuna, domin ba a ganinta a ranar. Kwale-kwalen katako an yi shi ne don ruwa ya tallafe shi ko'ina daidai, daga hanci har gindi. In aka ɗora shi a kan ƙarafa biyu na rufin mota, aka ɗaure tamau, aka bi gargada da shi na awa biyu ko uku, tsakiyarsa a danne, bakunansa biyu suna lilo, ƙusoshi sukan saki, kwaltar da aka liƙe tsakanin katakai takan tsage. Jirgi zai isa lafiya a ido, a sauke shi a yi hamdala. Sai bayan mako biyu, ran kasuwa, an cika shi da mata da yara da awaki, ruwa ya fara tsattsafowa ta inda ba a zata ba. In ya nutse za a ce lodi ne ya yi yawa, ko a ce iska ce, ba wanda zai tuna da titin da aka bi da shi. Mun san abin da haɗarin jirgi yake yi wa gari. Har yanzu ba a manta da na Bagwai a Jihar Kano ba, ran 30 ga Nuwamba 2021, inda akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Wancan lodi aka ɗora wa laifi. Amma jirgin da ke tafe da rauni a ɓoye, ko lodin da ya saba ɗauka ma yana iya fin ƙarfinsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce ɗan makaranta ya ci ya ƙoshi yana koya wa talaka tsarin tafiya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, sawu biyu ya zama abin da masunci ba zai iya biya ba, kuma in aka ce za a kama duk wanda ya haɗa jirgi da amalanke, abin da za a samu kawai shi ne ƙarin wurin karɓar na goro a hanya. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ban ce a hana ba. Cewa na yi a juya tsarin. Jirgi shi ya kamata ya sauko ƙasa ya hau amalanke, kaya su koma cikin mota. A ƙera amalanke mai dogon wuya, gajere daga ƙasa, a shimfiɗa masa katakai uku ko huɗu da aka naɗe da tsohuwar taya don su tallafi cikin jirgin, a sa masa ƙugiyar ƙarfe da sarƙa ta biyu ko da ta farko ta tsinke, da fitilun baya, da jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya zarce. Taru da tabarmi da tamfol, da yake ba su da nauyi, sa iya shiga cikin jirgin daidai saitin tayoyi. Inji da hatsi su zauna a bodin a-kori-kura. Mutum kuwa, babba ko yaro, ba shi da wurin zama a kan abin da ake ja. Sawu ɗaya ne dai, man da za a sha bai ƙaru da wani abin kirki ba, amma rufin mota ya huta, jirgi kuma ya isa da ƙusoshinsa.

Wa zai ƙera? A nan ne nake duban 'yan'uwana. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, muna da kwalejojin fasaha a Dutse da Haɗejiya da Kazaure. Kowace shekara ɗaliban aikin injiniya suna neman abin da za su ƙera don kammala karatu, da yawa kuma sukan ƙare da na'urar da za ta yi ƙura a ɗakin ajiya. Me zai hana wasu su zauna da masu walda na Jahun da masuntan Miga, su auna jiragen da ake amfani da su, su fito da zane guda mai sauƙi wanda kowane mai walda zai iya bi da ƙarfen da ke kasuwa? Ƙungiyar masunta ta gari guda tana iya mallakar amalanke ɗaya tak ana haya, yadda ake hayar injin casa.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka riga mu kama aiki a ƙananan hukumomi da ma'aikatu, naku ya fi sauƙi, domin kalanda kawai yake bukata. Ambaliya a Jigawa ba baƙuwa ba ce. An san watanninta, Agusta da Satumba, an san garuruwan da takan fara taɓawa, ana kuma fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Duk da haka sai ruwa ya ci gari ake rububin neman jirgi, a ɗora shi a duk motar da aka samu, a ƙulla mata amalanken tantuna da barguna, a tura direba da dare a kan hanyar da ruwa ya riga ya fara cinyewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar da za ka rubuta wa shugabanka cikin gaggawa a watan Satumba, ita ce dai za ka iya rubutawa a watan Afrilu, a kai jiragen a hankali da rana bisa busasshiyar hanya, a danƙa su ga Sarkin Ruwa na kowane gari, kafinta ya duba su ya sake liƙe inda ya saki, sa'an nan a jiƙa su su kumbura kafin ruwan farko. Kayan agaji kuwa sa biyo baya a motarsu dabam in lokacinsu ya yi.

Ga wanda tafiya ta kama shi gobe, kafin a ƙera komai, ga abin da ba ya bukatar kuɗi. A kife jirgi, kada a bar bakinsa sama. A ɗaure shi wuri huɗu, biyu a tsakiya, ɗaya a hanci, ɗaya a gindi, da igiyar da ba ta miƙewa. A tabbata gindinsa ba zai daki kayan amalanke ba in an sha kwana. A ɗaga wuyan amalanke da hannu kafin a ƙulla: in ya tashi sama da kansa, an yi lodin baya, a sauke a sake. A tsaya bayan tafiyar kilomita 10 ta farko a sake jan kowane ƙulli, domin a nan ne igiya takan saki. Yaran nan biyu kuma a sauko da su, a matsa musu wuri a cikin mota.