Gyaran Gida: Waya Mai Tafiyar Nisa

Wannan watan zancen wayar lantarki za mu yi. Na san za ki ce aikin maigida ne da mai gyaran wuta, amma ai firijin da kike sana'ar ƙanƙara da zoɓo da shi ne ke ƙonewa.

Wuta tana rage ƙarfi a cikin waya, kamar yadda ruwa ke sanyin gudu a dogon tiyo siriri. Iya nisan tafiya, iya asarar. Shi ya sa wayar da ta wadatar a falo take gazawa idan aka ja ta zuwa shagon ƙofar gida, ko injin rijiyar burtsatse, ko daga janareta da ke can bayan gida.

A al'ada ana sa waya mai lamba 1.5 a fitilu, 2.5 a soket, 4 ko 6 a kuka da hitar wanka. To, wannan lissafin gajeriyar tafiya ne. Wutar gida volt 230 ce, kuma masana ba sa son abin da zai zube a hanya ya wuce kashi 5 cikin 100, wato volt 11 da rabi. A ce kayan da za a kunna suna jan amp 10, nisan kuma mita 80. Waya 1.5 za ta zubar da kusan volt 23, mai 2.5 kusan 14, mai 4 kuwa ƙasa da 9. Kin ga 4 ce ta dace, duk da tsadarta. Balle mu da wutar ke zuwa mana a raunane tun daga taransifoma.

Alamun ba sa ɓuya. Fitila ta dushe duk sanda firiji ya tashi, injin ruwa ya yi ta gurnani bai ɗauka ba, waya ta yi ɗumi a hannu. Injin da bai samu isasshiyar wuta ba zafi yake yi har ya ƙone.

Ki roƙi maigida a auna nisan da tef kafin a je kasuwa. A can kuma a kankare bakin wayar, don akwai ta alminiyon da ake shafa wa jan ƙarfe a sama. In cikinta ya fito fari, a ajiye musu abarsu. Waccan doguwar wayar ta nadi kuma, a warware ta duka kafin a jona mata dutsen guga, domin a naɗe zafi take tarawa.