Layin shagonka da sunan wa aka yi masa rajista?

Duk wanda ke yawan leƙa Facebook ko YouTube ya ci karo da tallar "tsarin waya na zamani don 'yan kasuwa": lamba ɗaya, murya mai daɗi ta ce ka danna 1 don ciniki, ka danna 2 don ƙorafi, kira kuma yana bi ta intanet zuwa wayoyin ma'aikata. Shi ne ake ce wa VoIP, ko PBX na intanet. Abu ne mai kyau, kuma a ofishi mai ma'aikata talatin a Abuja ko Legas yana biyan kuɗinsa. Amma matashin da ke kula da shagon babansa na taki da maganin feshi a Gummi, ko mai kemis a Anka, ko dillalin hatsi a Nasarawar Burkullu, idan ya tambaye ni ko ya saya, zan ce masa ya dakata tukuna. Akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan: ranar da sabis ya ɗauke yaya za ka yi, kuma ranar da yaron shagonka ya ajiye aiki, lambar wa zai tafi da ita?

Mu fara da sabis, don mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layuka a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako-mako. Wanda duk lissafin bashinsa da lambobin dillalansa ke cikin WhatsApp ya san abin da ya gani. Ko a ranakun da babu wata doka, ka bar cikin garin Anka ka nufi Bagega, ko ka ratse daga Daki Takwas, ka duba saman wayarka: 4G ɗin nan ya koma E, in ma bai ɓace ba ɗungurungum.

A nan ne VoIP ke faɗuwa. Kira ta intanet ba ya cin data mai yawa, abin da yake so shi ne intanet mara tsinkewa. Saƙon rubutu yana iya jira minti biyar ya shige, murya ba ta jira: da zarar an samu tsaiko sai magana ta riƙa kakkaryewa, kai da abokin ciniki kuna ta "kana ji na?". Kiran layi na yau da kullum kuwa yana shiga ko da sanda ɗaya ce ta 2G. Ga kuma wani abu da masu talla ba sa faɗa: intanet na iya mutuwa alhali sabis na nan cike. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da manhajoji suka yi ta wahala a Najeriya. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta shafe kwanaki babu wutar lantarki. Tsarin da ya dogara da na'urar intanet, da wuta, da kuɗin wata da wasu ke karɓa da dala, ya tara wa kansa hanyoyin mutuwa da yawa.

Don haka ni a ganina ginshiƙin wayar kasuwanci a yammacin Zamfara shi ne layuka biyu na kamfanoni daban-daban, a cikin 'yar ƙaramar waya mai tocila wadda cajinta ke kwana uku. Wane kamfani? Kada ka tambayi intanet, kuma kada ka tambaye ni. Ari layin MTN da Airtel da Glo ka gwada su a cikin shagon, ba a bakin titi ba, da safe da kuma ranar kasuwa lokacin da jama'a suka cika. Sannan ka tambayi masu saye daga ƙauyuka wanne ne ke kamawa a wurinsu, domin su ne masu kiran.

Akwai wata dabara da ta girmi Android amma matasa da yawa ba su san ta ba, wato karkatar da kira. Idan ka danna **62* sai lambar layinka na biyu sai #, duk kiran da ya zo lokacin da layin farko ba ya samuwa zai wuce zuwa na biyun. **67* na lokacin da kake kan wani kiran ne, ##002# kuma yana goge su duka. Umarnin yana zaune ne a cibiyar kamfani, ba a cikin wayarka ba, shi ya sa yake aiki ko wayar na kashe. Ma'ana kana iya karkatar da shi zuwa ɗan'uwanka da ke Sakkwato ko Jega, ya riƙa amsa wa dillalai idan garinku ya shiga duhu. Sharaɗin shi ne ka saita tun sabis na nan, kuma ka sani kai ne ke biyan kuɗin kiran da aka karkatar.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ciwo, don ita ba ruwanta da gwamnati. Abin da aka saba shi ne maigida ya ce wa yaro, "Kai wane, je ka sayo layi a sa a allon shago." Yaro ya je ya yi rajista da NIN ɗinsa. Shekara uku lambar na jikin allo, tana jikin buhu, tana cikin wayar kowane abokin ciniki. Ranar da aka samu saɓani, ko yaron ya tashi buɗe nasa shagon, a wurin kamfani layin nasa ne, ko ka karɓe katin zai je ya yi "welcome back" ya dawo da abinsa. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a Disambar 2020, mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kai, ba wanda ke sa kati ba. Ba zargin yaran shago nake yi ba, yawancinsu amintattu ne. Amma amana ba ta hana mutuwa ko tafiya ci-rani, kuma lambar da asusun OPay ko Moniepoint na shago ke rataye a kanta ba abin wasa ba ce. Maigida ya je da kansa ya yi rajista. In kasuwancin na da takardar CAC, a tambayi ofishin kamfanin yadda ake yi da sunan kamfani.

Kada kuma a jefa layin a aljihun tebur a manta. Layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba ana dakatar da shi, in aka ci gaba da sakaci a sayar wa wani. Masu sana'ar lokaci, irin masu sayar da taki da damina ko masu sayen amfanin gona da kaka, su wannan ya fi kamawa.

To ina babbar waya ta shigo? A WhatsApp Business, kuma a nan ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Kyauta ne, kana jera kaya da farashi, kana ware waɗanda suka biya da masu bashi, kuma lamba ɗaya na iya aiki a kan ƙarin na'urori har huɗu. Wato layin na hannun Alhaji, yara biyu na amsa saƙo daga wayoyinsu, ranar da ɗaya ya tafi a cire na'urarsa cikin daƙiƙa goma. Rabin abin da ake tallata maka da sunan PBX ke nan. A dai kunna lambar sirri ta mataki biyu, kuma kada a karanta wa kowa lambobi shidan da ke zuwa ta saƙo, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake.

Idan harka ta girma, a ce kana da rumbu a Bukkuyum, shago a Gummi, da direbobi a hanyar Gusau, abin da za ka nema shi ne CUG. Manyan kamfanonin suna da shi: a biya wani abu duk wata kan kowane layi, 'yan rukunin su kira juna ba tare da lissafin minti ba. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, lissafin ya ƙara ma'ana. Kafin ka shiga, duba kiran wata guda ka gani: in yawancinsa tsakaninku ne, ka ci riba, in kuwa abokan ciniki kuke kira, babu abin da zai rage maka.

Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, shi ne kaɗai zai sa in sake tunani game da VoIP a yankin nan. Asibiti mai zaman kansa ko babbar makaranta da ke da sola mai ƙarfi na iya gwadawa. Ga mai shago, kuɗin na'urar da na wata sun fi ƙarfin matsalar da yake son magancewa.

Saura abu ɗaya da ba a rubuta shi a takardar talla, amma duk ɗan yankin ya san shi. Lambar da ke jikin allo kowa na iya kwafa, har da wanda ba ciniki ya kawo shi ba. Kada ta zama ita ce lambar da iyali ke kiranka da ita, kada ta zama wadda saƙon banki mai nuna abin da ke cikin babban asusunka ke shigowa, kuma kada hoton gidanka ko motarka ya hau kanta. Wayar shago ta kwana a shago ko a hannun wanda aka ɗora wa alhakinta. Lambobin manyan dillalai ashirin da sunayen masu bashi kuma a kwafe su da biro a littafi mai bango, a ajiye kwafi ɗaya a gida.