Buldog: Karen da Aka Hana Numfashi

A wani shirin dare da nake gabatarwa a rediyo, wani mai sauraro ya bugo waya daga Yamai yana alfahari wai ya sayo buldog, “karen Turawa na asali”. Yana magana ina jiyo wani gurnani a bayansa kamar na tsohon injin niƙa. Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce ai haka suke numfashi. Ni da nake cin abinci da numfashi da murya, dariyar ba ta zo mini ba. Abin da kunnena ya jiyo dabba ce tana kokawar shaƙar iska.

A Ingila aka samar da wannan kare saboda wani wasa na rashin imani. Sai a ɗaure bijimi a turke, a saki kare ya cafke masa hanci ya ƙi saki, ’yan kallo suna caca a kai. Ma’anar sunan ke nan, karen bijimi. A 1835 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wasan. Karen wancan zamani ya fi na yau tsawon ƙafa da tsawon hanci, ga zafin nama. Da aikinsa ya ƙare sai masu gasar nuna karnuka suka karɓe shi, har aka kafa ƙungiyar masu buldog a Landan a 1875. Tun daga lokacin ake zaɓen mai ƙaton kai da lotsattsiyar fuska da gajerun ƙafafu ana haɗa su barbara, don kawai a burge alƙalan gasa.

Karen ne ya biya kuɗin wannan ado. Ƙofofin hancinsa a matse suke, maƙogwaronsa cunkushe da nama. Kare kuwa da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka wanda aka toshe wa hanyar iska zafi kaɗan ke kayar da shi. Ninkin fatar fuskarsa yana tara damshi ya zama gyambo. Kan ’ya’yan yakan fi ƙarfin ƙugun uwar, shi ya sa mafi yawansu sai da tiyata ake ciro su. Da yawa ba sa wuce shekara 8 a duniya. A 2019 ƙasar Holan ta fara tsaurara doka kan kiwon karnukan da hancinsu bai kai kashi ɗaya bisa uku na tsawon kansu ba.

Za a ce mini buldog yana da sanyin hali, yana son yara. Na yarda. Ba da karen nake rigima ba. Rigimata da mai kiwon da ke sayar da naƙasa da sunan kyau ce, da kuma mai sayen da ke ɗauko dabbar da ba ta jure ko da bazarar Ingila ba ya ajiye ta a gari mai zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan wuta ta ɗauke, na’urar sanyaya ɗaki ta tsaya.

Muna da karen Azawak na Buzaye, mai dogayen ƙafafu da dogon hanci, wanda ya saba da ranar Sahel tun kaka da kakanni. Shi mun raina shi saboda ba a jirgi ya zo ba.

Wanda ya riga ya saya, ya riƙe amana: inuwa, ruwan sanyi, likitan dabbobi, kuma kada ya bari ya hayayyafa. Wanda bai saya ba, ya tsaya kusa da buldog minti ɗaya ya saurari numfashinsa kafin ya zaro kuɗi.